Buta a Wurina, Kofuna a Wurinsa

Na zazzage jakar a tsakar gidanmu, nan Daura,
ƙarƙashin darbejiya, Inna na tankaɗe.
Abin da ya fara zubowa yashi ne,
ban san ko na wace ƙasa ba.

Sai layukan waya shida, ɗaure da zare,
kowanne ya mutu a bakin iyakarsa.
Tsabar sefa, da sidi biyu
da ko mai ƙosai ba za ta karɓa ba.
Safa ƙafa ɗaya, ba tawa ba.
Sai butar shayi, baƙa ƙirin,
hannunta naɗe da waya.

Inna ta ce, "Wata bakwai, tsarabar ke nan?
Kakanka da ya je Gwanja
goro har maƙwabtan maƙwabta.
Ku me kuka kai? Me kuka sayo?"
Na ce, ido muka kai, Inna.
Ta ce, "To, Allah ya sa ka dawo da shi."

Ranar da za mu fita ta Kwangwalam
a kan benci muka raba kaya, ni da Zayyanu:
ni buta da ganye, shi kofuna da kurfoti.
Kuɗi a ɗinke cikin ƙugun wando,
rabi da rabi, kada ɓarawo ya ci duka.

Damagaram gida ce, kuɗi ne kawai ya sake suna.
A Yamai muka ga kogi,
muka yi tsit kamar liman ya ta da kabbara.
Daga nan Hausa ta soma tsinkewa
kamar kokon da baƙi suka yi wa yawa,
sai dai mu tsince ta a bakin mai tsire
ko wurin mai yankan farce a tasha.
A zangon Kumasi wani tsoho ya riƙe mini hannu,
wai rijiyar garinmu na da ruwa har yanzu?
Bai taɓa ganinta ba.
Kakansa ne ya bar masa gadon ƙishin.

A hanyar Bamako mota ta mutu
muka yi faɗa a kan kuɗin burodi.
Kwana uku ba mai ce wa wani ci kanka,
tabarma ɗaya, baya da baya,
ina jin tarinsa a haƙarƙarina.
Ran na huɗu ya hura gawayi bai kalle ni ba,
na ɗora buta ban kalle shi ba.
Ruwan ne ya fara magana.

Da zazzaɓi ya kayar da ni
shi ya ɗauki jakunkunan duka biyu,
ɗaya a gaba, ɗaya a baya, kamar uwar tagwaye,
yana tafe yana zagina don kada in yi barci.

A Dakar ƙasa ta ƙare.
Muka zauna a kan dutse, teku na ta surutunsa.
Na ce, saura komawa.
Ya daɗe yana ɓare gyaɗa, sannan ya ce,
"Kai hanya ta sallame ka. Ni da saura."
Wani tela ya ba shi keke da wurin kwana.
A tasha muka rungumi juna a gaggauce,
direba na ta hon,
ba wanda ya tuna da rabon kaya.

Yanzu an kira magariba.
Bayan lisha zan je wurin Gwaggo Hurera
in gaya mata ɗanta lafiya lau, har ya yi ƙiba,
wanda rabinsa gaskiya ne.

Kafin nan na hura wuta a kaskon Inna.
Buta ta tafasa, kumfa ta taso,
na ɗaga hannu sama yadda ya koya mini,
sai na tsaya.
Ba inda zan zuba.

Inna ta miƙo gwangwanin madara,
ba ta ce komai ba.